Amsar da Na Ba Malam Sada

Kambarawa, Katsina.

Zuwa ga Yaya Talatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da Baban Luka da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya sassauta miki. Yaya ruwan Fatakwal, har yanzu ba ya barin shanya ta bushe? Mu nan sai godiya. Rahila tana Zariya wajen karatu, tana bugo waya in ta tuna tana da uwa. Ni kaɗai ce a gidan, daga ni sai kajina. Na gwammace in rubuto miki, don a waya ba kya barin mutum ya kai aya, maganar nan kuwa tana so a bar ni in gama.

Yaya, Malam Sada ya samu kujerar Makka bana. Kin tuna shi, maƙwabcinmu mai akori-kura, wanda ya buge Baban Rahila a kan mashin a Ƙofar Kaura. Ba da gangan ya yi ba, waya yake amsawa, kowa ya faɗa min, ni ma na sani. Amma sanin bai dawo min da miji ba. Tun ranar ban ƙara amsa gaisuwarsa ba. Matarsa Hafsat, wadda a da ba ta sauke tukunya ban ɗanɗana ba, ta aiko da tuwon Sallah na mayar da kwanon yadda ya zo. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Kullum da safe ina jin sa yana tayar da motar nan, sai in ture kununa gefe.

Majami'a ban daina zuwa ba, amma gangar jiki ce kawai ke zuwa. In ana Addu'ar Ubangiji ina bi da kowa, har a iso wurin da muke roƙon a gafarta mana yadda muke gafarta wa wasu, sai in yi shiru har a wuce. Jibin Ubangiji ma, in ana raba gurasar, na daina karɓa. 'Yan zumuntar mata sun yi ta sintiri da farko, yanzu kowa ta koma harkarta, ban kuma ga laifinsu ba. Wani lokaci nakan durƙusa in rasa abin faɗi, in ji kamar da bango nake magana, har in tambayi kaina ko akwai mai ji. Ko Fasto ban faɗa wa wannan ba, sai ke.

Kin san al'adar garin nan, maniyyaci ba ya tafiya sai ya bi gida-gida neman yafiya. Kin kuma san amsar, ko yaro ya haddace ta: a ce masa ai bai yi komai ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ranar Laraba da hantsi ina shara na ji sallama. Shi ne, Hafsat na bayansa. Ya tsuguna a bakin zaure, dattijo da furfurarsa, ya ce ya zaga unguwa kaf, gidana ya bari ƙarshe don tsoro. Ya ce ba ya so ya tsaya gaban Allah da haƙƙina a wuyansa. Amsar da aka saba ta zo min har leɓe, don ita ce mai sauƙi, in faɗa ya tashi ya ba ni wuri. Sai na ji ba zan iya cewa bai yi min komai ba. Na ce masa ya je, zan yi tunani. Hafsat ta saki baki tana kallona, ba ta taɓa jin an sallami maniyyaci haka ba.

Yinin ranar ko wuta ban hura ba, faɗa kawai nake yi da Allah. Na ce wato shi ke nan, shi ya je ya dawo Alhaji har da haƙorin Makka, ni kuma in ci gaba da cin tuwo ni kaɗai? Ban ji wata murya ba, Yaya, ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da ya faɗo min kawai shi ne, lokacin da Yesu ya roƙa wa masu gicciye shi gafara, bai ce ba su yi masa komai ba. Ƙusoshin suna jikinsa ya yi roƙon. Ashe ba sai na rage girman laifi ba kafin in yafe shi.

Ranar da za su wuce sansanin alhazai na ɗauki mayafina na shiga gidan Malam Sada, ya cika da 'yan rakiya. Na ce a kira min shi. A gaban kowa na ce masa ya yi min, ya yi min babba, ya raba ni da abokin zamana, ya mayar da 'yata marainiya, kada wani ya ce ba komai. Sannan na ce na yafe masa duniya da lahira, domin ni ma an yafe min. Ya rufe fuska da hannun riga yana kuka, ya ce tun da abin ya faru kowa ce masa yake ƙaddara ce, sai yau aka gaya masa gaskiya.

Kada ki ɗauka na warke. Kewar tana nan, zuciyar kuma takan sake tafasa, sai in sake yafewa, kamar wanke-wanke, kullum sai an yi. Ki riƙa sa ni a addu'a, don bangaskiyata 'yar kaɗan ce ta rage, ita nake lallaɓawa.

Ki gaishe min da Baban Luka, da Luka, da Saratu da jaririnta, da Gwaggo Ladi in kun yi waya. Hafsat tana nan zaune a tsakar gida tana taya ni tsintar wake. Ba mu cika magana ba tukuna, amma ta ce lallai in gaishe ki.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.

Ƙanwarki,
Asabe