Ba Ƙyallena ne Ya Dusashe Majigi a Sabon Birni Ba

Zuwa ga mai girma shugaban ma'aikatan majigi mai kula da ƙasarmu.

Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, tare da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka baki ɗaya. Bayan haka, ranka shi daɗe, ni ne Ummaru ɗan Jibo, maɗinki a bakin kasuwar Isa. Da ajami na rubuta wagga takarda, wani malamin makaranta ya mayar mini da ita boko. Na roƙi a buga ta a jarida saboda abin da anka faɗa a kaina gaban jama'a anka faɗe shi.

Ga yadda abin ya faru. Bayan kaka motar majigi ta iso Isa da ƙyallenta na haska hoto a kece, iska ta yaga shi gida biyu a Kurawa. Akawun da ke tafiya da motar ya kawo mini shi rumfata. Na auna, faɗinsa kamu huɗu, tsayinsa kamu uku. Na ce za ni ɗinka sabo kamarsa. Ya ce a'a, a Sabon Birni taro zai cika, makiyaya za su zo har daga ƙasar Faransa ta ƙetaren iyaka, don haka in ninka faɗin, in ninka tsayin. Na zaɓi alawayyo mai ƙarfin saƙa, wanda in ka ɗaga shi ga rana da ƙyar take ratsa shi. Kwana biyu ina kan keken ɗinki. Na wanke shi, na sa masa sitaci, na kai wa mabuga sunka buge shi har ya kwanta. Da kaina na bi motar zuwa Sabon Birni don in ga an ɗaure shi daidai.

Ranar goma sha huɗu ga wata ce. Bayan an idar da isha'i anka tada injin wuta. Abin da za a nuna shi ne yadda ake yi wa shanu allurar cutar bushiya. Fili ya cika maƙil, Fulani da sandunansu a gaba, mutanen gari a baya. Da hoto ya fito, sai ga shi dusu-dusu. Ana jin muryar mai bayani, amma ba ka rarrabe mutum da saniya. Arɗo Buba na Turba yana kusa da ni, ya juyo ya ce, "Ummaru, mu dai hayaƙi muke gani yana motsi." Kafin a kai rabi mutane sun fara zamewa.

Bayan kwana uku anka karanta takardar akawu a ƙofar uban ƙasarmu, cewa ƙyallen da maɗinkin Isa ya yi ba shi da kyau, shi ne ya ɓata aikin gwamnati. Ba a kira ni ba, ba a tambaye ni ba. Tun daga ranar anka karɓe ɗinkin kayan dogarai daga hannuna, wanda mahaifina ya yi kafin ni. A kasuwa kuwa an raɗa mini suna Ummaru Dusu-dusu. Wanda ya kawo mini yadi sai ya ce cikin raha kada in dusashe masa riga. Nakan yi dariya tare da su, amma Allah ya san abin da ke raina.

Da farko ni ma na zargi kaina. Sai da motar ta sake biyowa ta Isa, Malam Haliru mai juya majigin ya zo rumfata, ya ce abin na damunsa. Ya kai ni mota, ya buɗe akwatin majigin, ya nuna mini cikinsa. Da izininsa na ambaci sunansa, kuma ina roƙon kada wannan ya ja masa wani abu. Ga abin da na gano.

Na ɗaya. Fitila guda ce rak cikin majigi. Haskenta na ratsa fim, wanda siriri ne kamar tsagin fata, cike da ƙananan hotuna a jere, kowanne bai kai farcen babban yatsa ba. Daga nan hasken ya bi ta wani gilashi mai kumburi, ya watsu bisa ƙyalle. In ana son hoto ya girma, sai a ja majigi baya. Da tsohon ƙyalle, taku goma sha biyu ake bari tsakani. Da nawa, sai da anka koma taku ashirin da huɗu kafin hoto ya cika shi. To, ranka shi daɗe, lissafin da ya rage na maɗinki ne. Wanda ya ninka faɗi ya ninka tsayi, yadi huɗu ya ci a maimakon ɗaya. Ni na yanka, na san tsohon ƙyalle huɗu ne cikin sabon. Hasken da ke cika ɗaya shi anka raba wa huɗu, kamar furar mutum guda a dama wa mutum huɗu. Kowa zai sha, amma ruwa zai sha. Na gwada a zaurena da fitila. In na ajiye ta taku biyu daga ƙyalle ina ƙirga zaren saƙa, in na mayar da ita taku huɗu ba na ganin ko ɗaya.

Na biyu, farin wata. Wannan ban taɓa tunaninsa ba sai da Malam Haliru ya ce mini, "Majigi ba ya iya zana baƙi. Baƙin da kake gani, wurin da haske bai taɓa ba ne." Ashe baƙar saniya a majigi ƙyalle ne kawai da anka bari cikin duhu. In wata ya haske ƙyallen duka, ina baƙi zai fito? Farin hoto ya ragu saboda nisa, baƙinsa ya tafi saboda wata, sai sunka haɗu a tsakiya sunka zama toka. Duk mai noma a ƙasarmu ya san daren da wata ke cika. Da an tambayi ko wane tsoho a Sabon Birni, da ya ce a dakata kwana biyar ko shida.

Na uku, inji. Duk wanda ke wurin ya ji shi yana tari. In ya yi ƙasa, fitila ta yi ja, murya ta ja kamar ta mai jin barci. Malam Haliru ya ce hoto ashirin da huɗu ya kamata su gifta cikin sakan guda, saurin ne ke sa ido ya ga motsi. In inji ya gaza, sai hoto ya riƙa ƙifta. Allurata ba ta taɓa inji ba.

Na huɗu shi ne shaidata. Ragowar yadin nan, kamu biyu, malamin dabbobi ya saye shi daga hannuna. Shi nasa abin nuna hoto daban ne da naku. Hotunansa bisa gilashi suke, ɗaya bayan ɗaya ake sa su da hannu, ba sa motsi, ba sa magana, kuma fitila mai famfo ce ke haska su, wadda ba ta kai taku ƙarfi ba. A Turba ya rataya wanga ƙyalle cikin zaure, ya sa anka rufe ƙofa da asabari, ya matso da fitilar kusa. Arɗo Buba yana cikin waɗanda sunka kalla. Da ya zo kasuwa ya biyo ta rumfata ya ce mini har kaskar da ke kunnen saniya ya gani. Yadi ɗaya ne, daga turmi ɗaya na yanko su.

Na biyar, laifina, don kada a ce na wanke kaina tas. Alawayyo ba shi da faɗi, dole na harhaɗa shi. Duk da na kwantar da ɗinkin, wanda ke gaba yana ganin layuka a hoto. Wannan nawa ne, na karɓa. Amma layi daban, dusashewa daban.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rashin awo. Ni ba na ce wa mutum rigarsa ta yi kaɗan sai na sa kamu. Mai hatsi ba ya ce wa gero ya gaza sai ya sa tiya. An gaya mini kuna da ɗan akwati mai allura wanda ake ɗorawa gaban ƙyalle ya nuna yawan hasken da ke dawowa. Takardar da ta ɓata mini suna ba ta faɗi nisan majigi ba, ba ta faɗi kwanan wata ba, ba ta ambaci inji ba. Ni kaɗai ta ambata. Ba na cewa akawu ya ƙulle ni ne. Ina jin kunya ce ta kama shi gaban manyan gari, ya nemi abin da zai rataya wa, ya ga ni ne na fi kusa.

Kuma ba ni kaɗai abin ya shafa ba. Arɗo ya shaida mini da yawa cikin mutanensa sun koma ruga ba su gamsu ba, sun ce ba za su kai shanunsu ga allurar da ba su ga yadda take ba. Ni sunana ne ya taɓu, su kuwa dukiyarsu ke kan hanya.

Saboda haka ina roƙon abu huɗu.

A dawo da majigi Sabon Birni a daren duhun wata, da inji mai lafiya, kafin shanu su yi arewa da damina, don makiyaya su ga abin da anka tara su dominsa.

A rataya ƙyallena kusa da naku na ofis, a haska su daga nisa ɗaya, a sa akwatin awo gaban kowanne, a faɗa wa jama'a abin da allura ta nuna.

A rubuta a jikin akwatin majigi iyakar girman ƙyallen da fitilarsa ke iya cikawa, da iyakar takun da za a ja shi baya, don kada wani maɗinki a wani gari ya shiga abin da na shiga.

Na ƙarshe, in awo ya nuna ƙyallena ne, za ni tsaya tsakiyar kasuwar Isa in faɗa da bakina, in kuma nemi gafarar akawu gaban kowa. In kuwa ya wanke ni, ba na neman a hori kowa. Layi biyu sun ishe ni, a karanta su a ƙofar uban ƙasa, da murya daidai da ta farko.

Allah shi ja zamaninka, shi ba ka mashawarta na gari, shi sa adalci ya zama abin da za a tuna ka da shi a ƙasar Gobir. Allah shi kiyaye dabbobinmu da amfanin gonarmu, shi ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Ni ne mai biyayya gare ka,
Ummaru ɗan Jibo, maɗinki,
bakin kasuwar Isa.