Ta'aziyyar Nakato

Daren Laraba, Greensboro

Mahaifiyar Nakato, 'yar Uganda da muke aiki tare, ta rasu a Kampala, ita kuma ba halin zuwa. Jiya na ba ta haƙuri yadda muka saba. Ta gyaɗa kai kawai, abin ya tsaya mini a rai.

Yau na tambayi mijinta me suke cewa da Luganda. Ya ce, "Hajiya, mu ba da haƙuri muke farawa ba. Nga kitalo muke cewa, wato abin ya yi muni."

Na je na faɗa mata. Ta ɗora hannuna a ƙirjinta ta ce, "Omutima," zuciya ke nan. Sannan kukan ya zo. Ban hana ta ba.