Butar Mama

Litinin, 2 ga Maris, 1987
Yaya Hagar ta cika da hantsi. Wasiyyarta ɗaya ce: a binne ta kusa da Mama.

Talata, 3 ga Maris
Na je makabarta in nuna wa masu haƙa wurin. Makabartar yanzu tana cikin unguwar masu hutu, bayan shinge. Lemuel ne mai gadin ƙofa, ɗan ƙawata, wanda na goya da bayana. Wai in cike takarda, in zaɓi "mazauni" ko "baƙo". Na ce kakata ta tsinci auduga a nan tana baiwa, ubana ya yi noma a nan kafin a yi wa tsibirin nan gada, wace irin baƙuwa? Ya ce, "Goggo Binah, ki rufa min asiri, aikina ne." Na ja layi na soke duka biyun.

Sau uku na ɓata a ciki. Tituna sai lanƙwasa suke, gidajen duk kamarsu ɗaya. Inda rijiyarmu take, wani dattijo ne da gajeren wando yana bin farar ƙwallo.

Laraba, 4 ga Maris
Babu butar da ke kan kabarin Mama. Mu ba dutse muke kafawa ba, abin da mamaci ya yi amfani da shi na ƙarshe muke ɗorawa, a huda gindinsa, a kewaye da katantanwar teku. Na Mama shuɗiyar butar shayi ce. Duk an kwashe, an shimfiɗa ciyawa sumul.

Matar da ke kula da lambun makabartar ta zo da fara'arta, wai sun share mana tarkace don girmama mamatanmu. Da gaske take, shi ya ƙara rikita ni. Zagi zan yi ko godiya? Na yi godiya, ni shashasha.

Alhamis, 5 ga Maris
Na samo butar a ɗakin ajiyarsu, cikin buhu, tare da kofin Baba Sipio da agogon wani. To a ina zan mayar? Na san kabarin taku tara ne daga babbar bishiya in an nufi gaɓa. Wace bishiyar? Sun dasa wasu, gaɓar ma ta matso. Ko ƙafata ce ta gajarce.

Asabar, 7 ga Maris
Masu haƙa na tsaye, Fasto na kallona. Na nuna wani wuri da yatsa, na ce, "Nan ne." Muryata ko rawa ba ta yi ba. An sa Yaya a gefe, na ɗora mata cokalinta, na ajiye butar. Ban sani ba ko kusa da Mama na kwantar da ita ko kusa da wani ƙaton da ba ta taɓa shiri da shi ba. Tsoro nake ji.

Lahadi, 29 ga Maris
Bayan coci na kai katantanwa. Na gaishe da Mama a wajen butar, na yi mata hira, ban tuna cewa ni na ƙirƙiro wurin ba sai da na miƙe. Yau ban ɓata ba.

A ƙofa Lemuel ya karɓi takardar da na cike ya duba, bai ɗago kai ba. Sai da na iso gida na tuna wanne na zaɓa: "baƙo".