Man Shanun da Ba na Sayarwa Ba

Ƙasar Butan, cikin duwatsu,
Watan Oktoba, 1988.

Zuwa ga Salamatu ɗiyar Baffa Bawa, sanyin idona, ruwan farkon damina, farin watan da ya tsaya a kan rugar Dangoma ya ƙi faɗuwa daga zuciyata,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa mai tarin yawa wadda takarda ba za ta iya ɗauka ba, ki yi haƙuri da rubutun nan da ya karkace. Rabi laifin sanyi ne, rabi naki.

Saƙon Goggo Laraba ya same ni a makarantarmu ta koyon kiwon shanun madara a Indiya, gab da za a ba mu hutu. Ta ce Baffa ya yanke shawara: da zarar an girbe dawa garke zai tashi zuwa Borgu, kuma wannan karon ba dawowa, tunda gonaki sun cinye burtali. Ta ce ya bar miki zaɓi, ko ki bi su, ko ki zauna wurinta a Gwandu ki jira ni. Ta kuma ce kin yi shiru. Wayyo Salamatu! Shirun nan naki ya fi tsawa ƙara a kunnena. Da shi nake kwana, da shi nake tashi, da shi kuma na biyo abokin karatuna Dorji zuwa ƙasarsu, bayan ya nema mini izinin shiga a matsayin baƙonsa.

Ya hasken rayuwata, ta ina zan fara ba ki labarin ƙasar nan? Kin tuna yadda nake cika baki na ce na hau tuddan Kalgo ban tsaya hutawa ba? To, ki yi mini dariya son ranki, ashe jiɓar tururuwa nake hawa! Nan duwatsu ne a kan duwatsu, wani ya goya wani, na can ƙarshe ya yi farin rawani na ƙanƙara wanda rana ba ta iya warware shi. Mu da muka saba ɗaga kai mu duba hadari, nan sai ka sunkuya ka leƙa shi a ƙarƙashin ƙafarka. Na rantse miki, na tsaya cikin rana ƙwal ina kallon ruwan sama yana zuba a kan wani ƙauye can ƙasa da ni. Ban san lokacin da na ce tsarki ya tabbata ga Allah ba, da ƙarfi, har dutse ya maido mini da muryata.

Shanunsu kuwa gashi ne da su har ƙasa, kamar an yafa musu bargo, kuma ba sa kuka irin na namu, gurnani suke yi. Mutanen ƙasar mabiya addinin Buda ne, suna da sarkinsu, gidajen ibadarsu kuma ba sa gina su inda ƙafa za ta kai da sauƙi. Malamansu masu jajayen mayafai da askakken kai a can suke zaune, suna karatu da wata murya mai kauri wadda kake jin ta a ƙirji kafin ta iso kunne. Mun zaga gidajen ibadar nan da yawa. Wani a bakin kogi mai ruwa kore shar, wani a tsakiyar gonakin shinkafa da aka sassaƙa a jikin tudu kamar matakala. A kowace hanya an rataya ƙyallaye masu launi-launi a igiya, na ɗauka shanya ce, har na tambayi Dorji wace mace ce ke hawowa nan ta yi wanki. Ya ce addu'o'insu ne a rubuce, iska suke bar wa ta kai.

Amma gidan ibadar da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na jiya. Fari ne fat, rufinsa na walƙiya, a manne a jikin tsagwaron dutse kamar sheƙar tsattsewa, sama ba mafaka, ƙasa rami ne wanda ido ba ya kai wa ƙarshensa. Wa ya ɗauki katako ya kai can? Wa ya tsaya a ina ya kafa tubalin farko? Tun da hantsi muke hawa, ni ina haki kamar ɗan maraƙin da aka kora, sai muka tarar da wata tsohuwa zaune a gefen hanya, ta sauke kwando daga bayanta, ta buɗe wani ƙunshin ganye tana gyara ɗaurinsa. Salamatu, man shanu ne! Rawaya, sabo, ƙamshinsa ya daki hancina sai ga ni a Kalgo ranar kasuwa, ga ki a gindin ɗorawa da ƙwaryarki, curin mai na iyo a cikin nono. Kin tuna ranar, lokacin da nake yawon yi wa shanu allurar bushiya? Na durƙusa na lakata da yatsa na ɗanɗana, na yi tayin wulaƙanci don kawai ki ɗago ki dube ni. Kika ɗago kuwa, kika ce, “Malamin dabbobi, in ba ka saye, mi kaka ɓata min ciniki?” Tun daga ranar ban ƙara mallakar kaina ba.

To, abin da na yi jiya ke nan. Ɗan Gwandu ya ga mace zaune bakin hanya da man shanu a gabanta, me zai zata in ba talla ba? Na durƙusa, na lakata, na kai baki, na gyaɗa kai irin na wanda ya san kaya, na shiga yi mata alamar ciniki da hannu. Dorji ya dafe kai. Ya ce ai ba na sayarwa ba ne, ba ma na ci ba ne, na fitilun gidan ibada ne, daga ƙauyensu ta goyo shi. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa yatsan nan. Ita kuwa tsohuwa dariya ta yi har da hawaye, ta faɗi wata magana, Dorji ya fassara mini: tunda na ci, sai in biya da gadon bayana. Haka ta ɗora mini kwandon, ta shige gaba tana tafiya kamar yarinya, ni ina biye ina kiran sunan Allah a kowane taki.

Da muka shiga na ga abin da ban taɓa zaton gani ba. Ɗaki ne mai duhu, an jera ƙananan kofunan tagulla sahu-sahu har ido ya gaji, kowane cike da man shanu, kowane da lagwani yana ci. Wutar ba ta rawa, ba ta hayaƙi, tsaye take cak. Man da uwata ke auna mana da tsinken cokali ranar salla, ga shi nan yana ƙonewa, ba mai ci! Zuciyata ta ɗan makiyayi ta ce ɓarna, idona kuwa ya kasa ƙiftawa. Na sa Dorji ya tambayi tsohuwar don wa take kunnawa. Ta ce don mijinta, makiyayi ne, yana can bayan duwatsu da shanu, sai ƙanƙara ta koro su yake saukowa, kuma tun tana amarya take hawowa nan duk shekara. Na ce a tambaye ta, ba ta gajiya? Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta, ta ce, “Ina gajiya mana. Don me kake tsammani na ba ka kayan?”

Ban kunna fitila ba, kin san wannan ba hanyarmu ba ce, su ma ba su nema ba. Na fito na sami wani falalen dutse, na yi alwala da ruwan da ya kusa tsinke mini yatsu, na yi azahar. A nan alƙibla yamma take, ba gabas ba. Bayan na sallame sai na tuna ke gabas kike duba. Ashe duk tsawon rabuwar nan fuska da fuska muke tsayawa, Ɗakin Allah a tsakaninmu! Na zauna a wurin na yi kuka, ban ɓoye wa Dorji ba.

Ya abar ƙaunata, ranar da kika raka ni tashar mota kin ce, “Ni ba ƙwarya ba ta, da za a jera ɗaki a tahi a dawo a iske.” Na ɗauka zolaya ce. Sai jiya, da igiyar kwandon nan ta ci mini kafaɗa, na san jira kaya ne, kuma shekara biyu ke nan kina hawa da shi ke kaɗai. Yaya zan ce ki bar uwa da uba da garken da kika tashi a cikinsa, ki zauna a Gwandu, ni kuma ina nan ina kallon duwatsu? Malamanmu sun nemi in ƙara shekara guda don babbar takarda, har na amsa musu. Daga nan in na sauka, wurinsu zan fara zuwa in ce na fasa. Jarrabawa kawai zan tsaya in rubuta in kamo hanya. Takarda ta zauna, ni ke nake so!

Ki zauna, Salamatu. Don girman Allah ki zauna. Na san wasiƙar nan da garken Baffa tsere suke yi, ban kuwa san wanda zai riga ba, kuma ko kin rubuto amsa ba za ta same ni ba. Saboda haka ga roƙona. In kin yarda, ki ce wa Baffa ya ware miki farar saniyarki, wadda ya ba ki tun ranar sunanki, a kai ta gidan Goggo Laraba. Ranar da na sauka a Gwandu ba zan tambayi kowa komai ba, ba zan ma shiga gidanmu ba. Ta bayan dangar Goggo zan bi in leƙa turke.

In kuma na tarar da turken ba komai, to ki gaya wa Baffa kada ya yi mamakin baƙo a Borgu.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a karkatar da fuskata ga alƙibla,
Abdulgani.