Kofur da Safar Soja

Dabai, Zuru.

Zuwa ga Yaya Ezekiel,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare ka da abokan aikinka a can Maiduguri. Mu nan lafiya lau. An gama yankan dawa, rumbun Mama ya kusa cika, ɗiyata Gladys kuma ta fara takawa, ba ta bar komai tsaye a ɗaki ba.

Yaya, maganar Kofur ce ta sa na ɗauki biro, kwikwiyon nan da ka bar wa Mama ranar da za ka koma bakin aiki. Har yanzu bai fi zakara tsayi ba, amma haƙoransa kamar ƙaya. Ya yaga mini zane, ya kama dugadugan yara, muna ta dariya. Dariya ta ƙare ranar da ya ciji Inna Jamila mai nono a yatsa. Ka san tun rasuwar Baba ita kaɗai ke zaman hira da Mama. Baiwar Allah ba ta yi faɗa ba, amma yanzu daga bakin hanya take tallarta ta wuce. Kawu Zakariyya ya rantse in Kofur ya ƙara cizon wani, ranar kasuwa zai ɗaure shi a bayan babur. Ka kuwa san masu sayen kare a Zuru ba gadi suke kai shi ba.

Na kai shi wurin Francis, malamin dabbobi, ya yi masa allurar rigakafin haukan kare, Inna Jamila ma an duba ta a asibiti, da sauƙi. Francis ya tambaye ni wa ke ba karen hannu yana wasa, na ce ba kowa. Ashe ni ce ban sani ba. Washegari da sassafe na tarar da Mama a gindin rumbu, ta zura hannu cikin tsohuwar safarka ta soja tana kaɗa wa Kofur, yana cafka yana ja, tana ƙyalƙyala dariya. Daidai yadda kake yi da shi, kai ogan masu ɓata kare! Shi kuwa ina ya san bambancin safa da yatsan Inna Jamila?

Francis ya ce ba duka ne magani ba, ba kuma ɗauri ba. In ya kai baki, a tsawata masa sau ɗaya, a janye hannu, a juya masa baya a tafi. In ya natsu, a ba shi totuwar masara ya gwaguya. Ni da yara muna yi, kuma yana ganewa. Mama ce ta kasa. Ta ce ba za ta juya wa abin da ka bar mata baya ba, wasan kuma naka ne, ba mai hana ta sai kai. Ta ba ni tausayi ƙwarai, sai da na shiga ɗaki na yi kuka.

Don Allah in ka sami sabis ka kira ta, kada ka yi mata faɗa. Ka ce ta wanke safar ta adana maka, za ka sa in ka zo Kirsimeti. Amma in ka faɗa, ka zo ɗin fa.

Ka gai da uwargidanka Anti Rebecca da yaranku su Godswill. Maigidana yana gaishe ka. Mama ba ta san na rubuto ba, tana can gindin rumbu, safarka na hannunta.

Ƙanwarka,
Saloma