Tsayuwar Zalɓe da Makullin Mashin

Zuwa ga ɗiyata Latifa a Kaduna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kina lafiya, ke da maigidanki da aikin asibiti. Nan Goronyo kowa lafiya lau, albasa ta yi kyau, ni kaɗai na lalace, kuma ke kinka ja mini.

Latifa, mi na yi miki? Don na faɗi daga mashin sau ɗaya a hanyar Taloka, sai kinka turo wa uwarki Uwaliya bidiyon wata mata tsaye da ƙafa guda, ta manna tafin ɗayar a cinya, ta haɗe hannuwa bisa kai, wai yoga, wai tsayuwar icce. Ni da na bar makaranta a aji huɗu ban taɓa ganin icce shina rawa kamar yadda nake yi ba. Kinka ce kar a ba ni makullin mashin sai na tsaya har a ƙirga talatin. Uwarki ta ɗaure shi a bakin zane, ga albasata na jiran cira a fadama.

Siddiƙu maƙwabcina ya leƙo ta katanga, ya tambaya ko kifi nake dako. Yanzu duk majalisa Zalɓe suke kirana. Na kai ƙara wurin Janet, nas ɗin asibitinmu, sai ta ce gaskiyarki, in ƙara da ƙafar hagu. Ashe bakinku ɗaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙirgar uwarki. Jiya na kai ashirin da tara, gumi na zuba, sai ta ce bari ta duba tukunya. Kafin ta dawo ina rungume da turmi. Ki yi mata magana, a kawo alƙali mai tsoron Allah, ko Faruk ƙanena.

Abu ɗaya dai zan faɗa miki, kuma kar ya kai kunnenta: yau da asuba na tashi daga sujada ban dafa bango ba, karon farko cikin shekara uku. Ban ce kin yi daidai ba. Na dai faɗa miki.

Ki gaida maigidanki Almustapha da jikanyata Nafisa. Uwarki na gaishe ki, makulli na ƙugunta.

Naki mahaifi mai ƙafa ɗaya,
Mode