Zanen da Na Tarar a Jikin Tukunya

McLeansville, Greensboro
9 ga Fabrairu

Zuwa ga Yayana Dachung,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan mutanen gida a Bukuru. Allah ya ƙara maka ƙarfi, ya raba ka da ciwon gwiwar nan. Ni lafiyata ƙalau, aikin kula da tsofaffi yana tafiya, sai dai sanyin bana ba ya jin magana.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki biro maimakon waya shi ne, in na buɗe baki muryata rawa za ta yi. Ka san yadda muka rabu da Mama. Na ce mata ta bar dafa burkutu, wai tana ba ni kunya a coci. Ta ce tukunyar da nake ƙyama ita ta rene ni, ta kashe waya. Bayan sati uku ta rasu, takarduna na zama a ƙasar nan kuma suka hana ni zuwa jana'iza. Shekara guda ke nan ina fama da tambaya ɗaya: da fushina ta tafi?

Shi ya sa na yi niyyar dafa burkutu da hannuna don ranar tunawa da ita, ko ba wanda zai sha. Na samo jar dawa a shagon 'yan Afirka da ke Wendover, na jiƙa, ta yi tsiro, na niƙa, na dafa yadda na gani tun ina yarinya. Matsalar ita ce ɗumi. Mama da bayan hannu take gwada tukunya, ta naɗe ta da zane. Ni kuwa, 'yar boko, na sa tawa cikin tsohuwar firiza a gareji, da ƙaramin hita da na'urar da ke riƙe zafi a digiri talatin. Sau uku ina yi. Ta fari ta ƙi tashi, biyun suka yi tsami kamar ruwan tsamiya. Kullum sai in tuna maganar Mama, cewa giya tana jin zuciyar mai taɓa ta, hannun mai fushi tsami yake sa mata. Wallahi na yi kuka.

Ta huɗun na rufe ta ran Litinin da safe. Da rana aka yi ruwan ƙanƙara, itatuwa suka faɗa kan wayoyi, wuta ta ɗauke. Maƙwabciyata Houda, 'yar Maraɗi, ta zo ta kwashe ni zuwa gidan 'yarta a Sedgefield, tana yi mini tsiya wai Allah ne ya raba ni da aikin banza. Na kulle garejin, makulli a jakata, kwana biyu ba na nan.

Ran Laraba da hantsi na dawo don in zubar. Ruwan bokitin da ke bakin ƙofa ya daskare, na'ura a mace. Amma tun kafin in ɗaga murfi na ji sauti, tukunya tana kumfa a hankali, ga ƙamshin madafar Mama. Na sa ma'aunin zafi: talatin cif. Yaya, tukunyar a naɗe take da zane, an ɗaure shi ta hagu da ƙulli biyu, irin ɗaurin bahaguwa kamar Mama. Shuɗi ne mai zanen ganye, gefensa ya ƙone. Ba ni da irinsa. Na buɗe bidiyon jana'iza da ka turo, na kalla har sau biyar, ga shi nan Anti Kaneng tana lulluɓa wa Mama shi kafin a rufe akwati. Houda da ta gani sai ta ja da baya tana salati.

Na daɗe a tsaye ina tsoron ɗanɗanawa, don na san amsar tana ciki. Daga baya na ɗiba da ludayi na kai baki. Babu tsami ko kaɗan, Yaya. Daɗinta irin na Mama ne sak.

Don Allah kada ka gaya wa fasto. Ka je kabarin Mama kawai, ka ce mata saƙo ya iso, kuma ba na jin kunyar sana'arta. Ka gaida Anti Kaneng da Baba Gyang da matarka Chundung. Zanen yana kan cinyata nake rubutun nan, yau kwana huɗu, har yanzu bai huce ba.

Ƙanwarka,
Scholastica